Yadda za ka bi sawun kakanka a littattafan baftisma na mishan Katolika

Tun ranar da na yi suɓutar baki a wajen wani ɗaurin aure a unguwar Bagalam, nan Maraɗi, na ce na gano garin da kakana na wajen uwa ya fito, ban sake hutawa ba. Wannan ya tare ni a bakin babbar kasuwa, wancan ya bugo salula bayan isha'i, tambayar kuwa ɗaya ce: ta ina ka bi? Akasarin masu tambayar Musulmi ne kamar ni. A gidan kowannensu akwai wani kaka da ba a cika ɗaga maganarsa ba: akawun kamfanin gyaɗa ɗan Dahome, wato Benin ta yau, ko tsohon soja daga ƙasar Mosi, ko wata tsohuwa da aka ce a hannun 'yan mishan ta tashi. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda na bi su, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Abu guda ka riƙe tun daga nan. A zamanin Faransawa, littafin baftisma yana zaune ne inda limamin coci yake zaune, ba inda aka haifi yaro ba. Wanda bai gane wannan ba zai ƙarar da kuɗinsa a mota yana neman takarda a garin da ba a taɓa ajiye ta ba.

1. Fara da tsofaffin gida

Kada ka doshi mishan hannu rabbana. Sakataren coci ba zai iya nemo maka "kakana" ba. Suna yake so, da shekara, da sunan iyaye in da hali. Waɗannan kuwa a cikin gida suke, galibi a bakin mata.

Ka nemi wadda ta fi kowa shekaru a dangi, ka tafi mata da goro ko ɗan sukari, ka zauna a yi hira. Kada ka zaro takarda da biro tun daga zaure kamar mai karɓar lanho. Ni sau uku na je wurin yayar mahaifiyata. Zuwan farko cewa ta yi, "Mi za ka yi da sunan wanda ya daɗe da tafiya?" Na biyu muka yi hirar tsadar hatsi. A na uku, bayan la'asar, ta ce in jawo mata adakar da ke ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwa, ta fito da wani gwangwanin madara da tsatsa ta ci murfinsa. A ciki akwai wata 'yar lambar ƙarfe mai hoton mace, da kati guda ninki huɗu, gara ta cinye masa kusurwa. Shekara da shekaru tana ajiye da shi a kan takardar haraji ce. Katin baftismarta ne, ita kanta.

Ga abin da kake son fitarwa daga hirar:

Sunaye duka. Na yanka, da laƙabi, da sunan nasara. Kakana a gida "Akawu" kawai ake ce masa, domin kakata har ta rasu ba ta taɓa kama sunansa ba. Wannan kunya za ta tare maka hanya sau da yawa: mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari. Ka zagaya ta wajen ƙanwarta, ko tsohuwar maƙwabciya, ko ka tura jika, tunda shi yana da ikon tsokana.

Aikinsa, da wanda yake yi wa aikin. Akawun kanti ne, ko na kumandan? Mushen lakkal, ko ma'aikacin gidan waya, ko kuku, ko soja?

Yaren da yake juyawa in 'yan garinsu sun zo, da irin tsagen fuskarsa, da mutanen da ke zuwa gidan ran Lahadi. Waɗannan baƙin na Lahadi za ka sake cin karo da su a cikin littafi.

Sai shekara. Tsoho ba zai ce maka 1947 ba, amma zai ce kafin ruwa ya ci tsohon gari ko bayansa. Ka riƙe waɗannan turaku a kanka: yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai 1926, ambaliyar da ta sa Maraɗi ta hau tudu 1945, soke aikin tilas 1946, ƙuri'ar i ko a'a 1958, 'yancin kai 1960, korar ma'aikata 'yan Dahome a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete. Wannan na ƙarshen shi ya raba gidaje da yawa da iyayensu maza.

Hattara: in an ba ka tsohuwar takarda, kada ka liƙe ta da salatif, kada ka kai a gasa mata leda. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka sa ta cikin ambulan, ka mayar wa mai ita. Hoton za ka riƙa yawo da shi.

2. Tabbatar da wace mishan ce

Wannan mataki gajere ne, amma mutane da dama a nan suke ɓata. A bakin tsofaffinmu duk "mishan" ce, alhali biyu ne. 'Yan SIM, wato Sudan Interior Mission, waɗanda ba Katolika ba ne, sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibiri 'yan shekaru bayan haka, daga baya Maraɗi. Su ne masu asibitin Galmi da na kutare a Danja. Yawancin Kiristocin da suke Hausawan ƙasar Maraɗi da Gobir ta hannunsu suka fito, kuma su ba sa yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. In kakanka nasu ne, wurin dattawan EERN, majami'ar da ta fito daga aikin SIM, za ka nufa, ba wurin Katolika ba.

Yadda za ka rarrabe: in an tuna da carbi, da hoton Maryamu, da ƙin cin nama ran Juma'a, da limami marar aure da ake ce wa mon père, Katolika ne. In an tuna da Littafi Mai Tsarki na Hausa da nutsar da manya a ruwa, SIM ce. Katolikan farko a ƙasarmu galibi baƙi ne: Faransawa, 'yan Dahome, 'yan Togo, 'yan Haute-Volta wadda ta zama Burkina Faso.

3. Gano inda littafin yake kwance

Nan ne aikin yake, don haka ka bi a hankali.

Mishan Katolika ta farko mai zama dindindin a Nijar an kafa ta a Yamai a 1931, ta hannun François Faroud na SMA, ƙungiyar limaman mishan ta birnin Liyon. Damagaram ta biyo baya, kuma ta riga Maraɗi. A 1942 aka mai da Yamai cibiyar yanki mai cin gashin kansa, yankin da ya haɗa har da arewacin Dahome da Fadan Gurma. Paraku, ta arewacin Dahome, ta ware a 1948, Fadan Gurma a 1959. A 1948 ɗin ne jagoranci ya koma hannun ƙungiyar Rédemptoristes. Yamai ta zama dayosis, wato yankin da bishop ke riƙe da shi, a 1961. Maraɗi kuwa ba ta sami nata bishop ba sai 2001, lokacin da aka naɗa Ambroise Ouédraogo, aka haɗa masa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa.

Me wannan yake nufi gare ka? Kafin gari ya sami limami mazauni, rangadi ake zuwa masa. Limami ya zo ya kwana biyu, ya yi wa jariran ma'aikata baftisma, ya koma tasharsa ya shigar da su a littafin can. Yaro an haife shi a Maraɗi, an zuba masa ruwa a Maraɗi, amma sunansa yana wani gari.

Saboda haka ka bi wannan jeri:

Fara da sakatariyar babbar majami'ar Notre-Dame de Lourdes a nan Maraɗi. Tambayarka ta farko ba sunan kakanka ba ne. Ka ce: a wace shekara littafinku na farko ya fara? In shekarar da kake nema ta gabaci wannan, ka tambaya daga ina ake zuwa Maraɗi rangadi a lokacin.

Daga nan sai ofishin bishop, wanda suke kira évêché. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta wajabta wa kowane limami ya aika kwafin abin da ya rubuta a shekara zuwa ofishin bishop. Tunda daga 1942 zuwa 2001 Maraɗi a ƙarƙashin Yamai take, ka tambayi kwafin a can ma. Doka da aiki ba kullum suke tafiya tare ba, amma matambayi ba ya ɓata.

In lissafinka ya nuna an yi wa mutumin baftisma kafin 1931, kusan tabbas ba a cikin Nijar aka yi ba. A Dahome, SMA sun sauka Wida a 1861, Porto-Novo a 1864. Lome ta sami mishan a 1892, a hannun Jamusawa. Pères Blancs, wata ƙungiyar limaman mishan, sun buɗe Kupela ta ƙasar Mosi a 1900, Wagadugu a 1901. In ta Najeriya ya ɓullo, ka sani dayosis ɗin Katsina sabuwa ce, a 2023 aka yanke ta daga Sakkwato, Kano kuma a da ƙarƙashin Kaduna take.

Hattara: a tarzomar Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, har da mishan Katolika ta Damagaram. Kafin ka yanki tikitin mota zuwa ɗaya daga cikin garuruwan nan, ka sa a tambayar maka ko littafin shekarar da kake nema yana nan, ko kwafi za a duba. Kuma in ka je, ka san yadda za ka ɗaga maganar. Mutanen da za ka zauna gabansu wasunsu sun ga abin da idonsu.

4. Takardar buƙata, kayan aiki da kuɗi

Rubuta takarda shafi guda da Faransanci zuwa ga limamin da ke riƙe da majami'ar, Monsieur le Curé. In Faransancinka bai kai ba, tsohon mushe mai ritaya zai rubuta maka, kuma shi ɗin za ka sake nema ranar karatu, domin ya saba da rubutun alƙalamin da. Ka faɗi ko kai wane ne, da dangantakarka da wanda kake nema, da sunayensa duka, da sunayen iyayensa, da inda ya zauna. Shekara kuwa ka ba da tazara: daga kaza zuwa kaza, kamar shekara goma. In ka ce 1946 cak, sakatare zai duba 1946 cak, ya rufe littafi ya ce babu.

Kayan da za ka riƙe: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwarka da ta mahaifi ko mahaifiyar da ta haɗa ka da mutumin, hoton tsohon katin in akwai, littafin rubutu, fensir, salula cike da caji, da gilashin ƙara girman rubutu in ka samu. Fensir na ce, ba biro ba. Ba wanda zai bar ka kusa da littafi mai shekara tamanin da tawada a hannunka.

Takardar shaidar kanta ba ta da tsada. Ka tambayi abin da aka ƙayyade ka biya, ka karɓi rasit in suna bayarwa. Ban da wannan ka ware jikka biyu zuwa biyar na alheri ga wanda ya sha ƙura yana juya maka shafuka, ka ba shi bayan an gama, ba kafin ba. Mota da masauki su ne masu cin kuɗi. Damagaram ta haura kilomita 200 daga nan, Yamai ta haura 600, kuma da wuya ka gama a zuwa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: aika takardarka tun da wuri, ka jira a ce maka zo.

Hattara da ɗan tsakani. Wani ya ce mini ya san mutane a Kwatano, ba sai na wahala ba. Sau biyu ina tura masa kuɗi. Abin da ya aiko takarda ce mai hatimi, suna ya yi daidai da na kakana, amma uwa da uba na wani ne, shekarar haihuwa kuma ta nuna da ya haifi yayar mahaifiyata yana ɗan shekara tara. Ba jabu ba ce, ta wani bawan Allah ce mai irin sunan. Kama da wane ba ta wane.

5. Ranar shiga ofis

Kada ka je ran Lahadi, kada ka je makon Ista ko na Kirsimeti. Safiyar ranar aiki ta fi. Ka yi gaisuwa yadda za ka yi wa kowane malami. Mon père za ka ce wa limamin, ma sœur ga matan mishan masu lulluɓi. Ka faɗi gaskiya tun farko: ni Musulmi ne, asalin kakana nake nema, ba shari'ar gado ce ta kawo ni ba. Wannan jumla ta ƙarshe tana sassauta fuska, domin sun sha ganin masu neman takarda don rigimar fili ko neman biza.

Littafin nasu ne, ba na gwamnati ba. Ba ka da ikon cewa a miƙo maka shi, kuma a kan mutumin da ke raye ko bai daɗe da rasuwa ba suna da hujjar hana ka, sai in kai ne shi ko ɗansa. Galibi sakatare ne zai duba ya cika maka takarda. A nan ka buɗe ido: akwai extrait ko certificat de baptême, wato taƙaitawa, suna da rana da wuri. Akwai copie intégrale, wato duk abin da ke layin, har rubutun gefe. Ta biyun kake so. Ta farkon an yi ta ne don mai shirin aure, ba don mai neman asali ba.

Ka tambaya ko littafin yana da jerin sunaye bisa haruffa a ƙarshensa. In akwai, a duba ƙarƙashin sunan nasara, a duba ƙarƙashin sunan uba, a duba ƙarƙashin sunan gida, domin wanda ya jera su ba lalle ya bi tsari ɗaya ba.

In an yarda ka ɗauki hoto, kashe hasken kyamara. Ɗauki bangon littafin, da shafin farko mai sunan tasha da shekaru, da shafuka biyun a buɗe gaba ɗaya, sannan ka matso kan layinka. Ni don zumuɗi layin kawai na ɗauka, na yanke gefen dama. Sai da na dawo gida na ga wutsiyar wasu haruffa a bakin hoton. Abin da na yanke ɗin shi ne ya fi komai amfani, kuma sai da na sake biyan kuɗin mota.

6. Karanta layin

Wasu littattafan da Latin suke, wasu da Faransanci, wasu bugun Latin ne an cika da Faransanci. Kalmomin ba su da yawa, kuma su ne suke ta maimaituwa.

Natus ko nata, né ko née: an haife shi, an haife ta. Baptizatus, baptisé: an yi masa baftisma. Filius ko fils de, ɗan wane. Filia ko fille de, 'yar wane. Patrinus da matrina, ko parrain da marraine: uba da uwar baftisma, waɗanda suka tsaya wa yaron. In ka ga circa ko né vers, kintace ne, limamin ya dubi mutum ya yanka masa shekaru.

Sunan nasara yakan zo da rigar Latin. Joannes shi ne Jean, Petrus Pierre, Jacobus Jacques, Ludovicus Louis, Carolus Charles. Sunayenmu kuwa da kunnen Bafaranshe aka rubuta su: u ta koma ou, c ta koma tch, j ta koma dj, ƙ da ɗ da ɓ suka rasa lanƙwasarsu. A'ishatu ta zama Aïchatou ko Aïssatou, Tasawa ta zama Tessaoua, Tsibiri ta zama Tibiri. Ka karanta sunan da ƙarfi yadda Bafaranshe zai furta shi, sau da yawa sai ka ji na gida ya fito. Mace ɗaya tana iya fitowa da rubutu iri uku a baftismar 'ya'yanta uku.

Hattara da watanni. 7bre ba watan bakwai ba ne, Satumba ce. 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Na yi wata guda ina neman abin da ya faru a Oktoba saboda na ɗauki Xbre watan goma ne. Haka lamba 1 ta Faransawa tana da dogon baki kamar 7, ita kuwa 7 suna gitta mata sanda a ciki. In babu sandar, ɗaya ce.

Kada ka haɗa ranar baftisma da ranar haihuwa. Jaririn gidan Katolika ana yi masa cikin kwanaki ko makonni, sai in an jira rangadi. Babba kuwa sai ya yi karatun shiga addini, wanda a wurin Pères Blancs shekara huɗu ne, kuma akan tara su a yi musu tare lokacin Ista. In ka ga layi goma a jere duk rana ɗaya, manya ne ko kuma ranar rangadi ce.

Akwai wasu kalmomi da ya kamata ka san nauyinsu kafin ka gan su. In periculo mortis, ko in articulo mortis, ko ondoyé: an zuba wa mutum ruwa ne a gaggauce ana ganin zai mutu, sau da yawa jariri a ɗakin shan magani. Irin wannan layi ba ya nuna gidan Kirista ne. Yaron yana iya warkewa ya tashi Musulmi bai taɓa sanin an yi ba. Païen, wato arne, haka suke rubuta duk mai addinin gargajiya. Pater ignotus ko père inconnu: ba a san uba ba. Sau da yawa an san shi sarai, bature ne da bai yarda a rubuta sunansa ba; irin waɗannan yara ne ake kaiwa gidan renon barbarar yanyawa na Damagaram. Illegitimus kuma ba lalle ya zama abin da kake tsoro ba. A ma'aunin coci, Katolikan da bai ɗaura aurensa a gaban limami ba, ba su ɗauki auren a bakin komai ba, ko da an biya sadaki an raba goro a gaban shaidu.

7. Gefen shafi da masu tsaya wa yaro

Tun daga 1908 coci ta wajabta cewa duk inda mutum ya yi aure, a aika a rubuta a gefen layin baftismarsa: da wa, a ina, yaushe. Haka ake yi da confirmation, tabbatarwar da bishop yake yi wa yaro in ya tasa. Wani limamin yakan ƙara gicciye da ranar mutuwa. Wannan 'yar tazara ta gefe ita ce ke ɗauke ka daga littafi zuwa littafi. In ka sami takardar auren, ita kuma za ta faɗi inda aka yi wa ango da amarya baftisma, da sunayen iyayensu, ka ga ka hau hawa guda.

Sai parrain da marraine. Baƙo a garin da ba nasa ba, wa zai kira ya tsaya wa ɗansa? Ɗan garinsu, ko ɗan'uwansa, ko abokin aikinsa. Ka rubuta sunayensu, ka roƙi a duba layukan da ke sama da ƙasa, ka ga inda kakanka shi ma ya tsaya wa 'ya'yan wasu. A layin yayar mahaifiyata ba a rubuta garin uba ba, Dahome kawai aka sa. Amma parrain ɗinta sunan danginsu ɗaya da kakana, kuma a baftismar ɗansa, shafi biyu gaba, wani limami mai ƙwazo ya rubuta Porto-Novo. Da na koma na karanta wa tsohuwar sunan, ta ce, "A'a, ai wannan shi ne mai keke, wanda ke kawo muna alawa ran Lahadi." Ƙanen kakana ne.

In sawu ya tsallaka iyaka, ka roƙi limamin nan ya rubuta maka 'yar takarda zuwa ga takwaransa na can. Takarda daga limami zuwa limami ta fi taka saurin samun amsa nesa ba kusa ba. Ka haɗa da kwafin abin da ka riga ka samu, da lambar layin da shekarar littafin.

Hattara: kada ka amince mutum naka ne sai abu uku sun haɗu, suna, da sunan uwa ko uba, da shekarar da hankali zai ɗauka. A garuruwan bakin teku sunan dangi ɗaya yana iya cika unguwa.

8. In an ce babu

Babu a littafin baftisma ba ita ce ƙarshe ba. Kowace majami'a tana da littafin aure, da na tabbatarwa, da na jana'iza, wasu kuma da status animarum, inda ake jera Kiristoci gida-gida. Limaman da suna rubuta littafin abin da ya faru kullum a tasha, diaire, wanda yakan ambaci katekis, wato mai koyar da addini, da kuku da malaman lakkal da sunansu. Irin waɗannan takardu a nemi su wurin ƙungiyar da ta riƙe tashar. SMA suna da ɗakin ajiya a Liyon da Rum, Pères Blancs a Rum.

Ta ɓangaren gwamnati, akwai ɗakin ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, da na tsohuwar Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar, da na ƙasashen renon Faransa a Aix-en-Provence. In soja ne, takardun tsofaffin sojan Faransa 'yan Afirka suna garin Pau; lambarsa ta soja za su fara tambaya, don haka ka koma adaka ka nemi littafinsa na soja ko takardar fansho. Jugement supplétif, hukuncin kotu mai maye gurbin takardar haihuwa, da aka yi wa iyayenmu don shiga lakkal, ka karɓe shi da taka-tsantsan, an sha rage shekaru a cikinsa.

9. Mayar da labari gida

Kafin ka nuna wa kowa, ka yi kwafi biyu, ka rubuta a bayan kowanne sunan majami'a, da shekarun littafi, da lambar layi, da ranar da ka gani. Bayan shekara biyar ba za ka tuna ba.

Kada ka watsa hoton a Facebook ko zauren WhatsApp na dangi. A layin akwai sunayen mutanen da jikokinsu ke da rai a garin nan, akwai kuma kalmomin da wanda bai san ma'aunin coci ba zai mai da su abin gori, har ya ɓata wa wata yarinya aure. Ka fara da wadda ta buɗe maka adaka, ku biyu, ka karanta mata a hankali, ka bar ta ta zaɓi wanda za a gaya wa da wanda ba za a gaya wa ba.

Ni da na kai wa tawa, na karanta mata sunan mahaifinta cikakke, da na uwarsa wadda ba ta taɓa ji ba. Ta sa na maimaita na tsohuwar sau uku har bakinta ya kama shi. Sannan ta karɓi kwafin ta ninke huɗu, ta sa a gwangwanin madarar tare da katin, ta ce kada in faɗa wa kawu sai bayan salla.